'Yan Kallon Mota

Masu iya magana sun ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Idan akwai waɗanda wannan karin magana ya dace da su a duk faɗin Ibadan, to mu ne, mu huɗun nan da mutanen Sabo suka raɗa wa suna 'yan kallon mota tun muna yawo da gajeren wando. Yau ga shi furfura ta fara leƙo mana a gemu. Ɗayanmu yana koyarwa a makarantar firamare, ɗaya yana awon hatsi a kasuwar Bodija, ɗaya tela ne, ɗaya kuma ma'aikacin asibiti, amma sunan bai bar mu ba, mu ma ba mu bar halin ba. Abin da zai ba mai karatu dariya shi ne, a cikinmu babu wanda ya taɓa mallakar mota. Babur ɗaya ne tak a tsakaninmu, shi ma sai an tura yake tashi.

Al'adarmu ba ta sauya ba shekara da shekaru. Duk ranar Asabar, da an idar da sallar la'asar, sai mu gangaro daga Sabo mu nufi shataletalen Mokola, inda wani mai shayi yake ajiye mana benci guda kamar mun biya kuɗin haya. Wurin ya dace da wannan sana'a tamu marar riba, domin nan ne hanyoyi suke haɗuwa, da mai zuwa Dugbe, da mai nufar Sango da jami'a har Ojoo, da mai ratsawa wajen Agodi. Tun da aka gina gadar sama a wurin a shekarar 2013, kallon ya zama hawa biyu, wasu na wucewa ta samanmu, wasu ta gabanmu. Mukan zauna kowa da kofinsa, mu yi tsit kamar masunta a bakin gulbi, har sai wata ta gifta wadda ta isa a yi magana a kanta.

Wadda ta fi yawa a idonmu ita ce Micra, 'yar ƙaramar tasin nan ta Ibadan. A garin Sunderland na ƙasar Ingila aka ƙera yawancin irinta, don ma'aikaci ya je ofis shi kaɗai, ko tsohuwa ta je kanti ta dawo. Da ta tsufa a can sai aka sako ta a jirgin ruwa, ta zo nan ta shiga wata rayuwa wadda maƙeranta ba su taɓa mafarkinta ba. Mutum biyu a kujerar gaba ban da direba, uku ko huɗu a baya, but a buɗe an ɗaure da igiya, buhun garin rogo ya leƙo waje, ga ta nan tana nishi a kan hawa, amma sai ta kai. Mukan ce da juna, da mota tana da baki, da wannan ta daɗe da kai ƙara gaban alƙali. A bayanta kuma sai ka ga wata jibgegiyar jif mai baƙin gilashi tana ta hon, mutum ɗaya ne tal a ciki, ƙarfin injinta ya ninka na Micra sau da yawa, amma cunkoso ya mai da su daidai, duk tafiyar hawainiya suke yi.

Muna da wani wasa da muka gada tun ƙuruciya. Ɗaya zai rufe ido, sauran su zaɓi mota daga nesa, shi kuma ya faɗi irinta da kunne kawai. Wanda ya faɗi sau uku shi ne zai biya kuɗin shayi. Mai karatu zai iya ɗauka cewa duk kukan mota ɗaya ne, amma ba haka abin yake ba. Injin gas yana da ƙwanƙwasa kamar ana daka a turmi mai nisa. Injin mai silinda shida muryarsa a kwance take, ba ya haki kamar mai huɗu. Motar da salansarta ta huje tana da ɓaɓatu irin na wanda ba shi da gaskiya, wadda fanbel ɗinta ya saki kuwa takan yi tsuwa da zarar an murza sitiyari. Tela ne gwaninmu a wannan fage, wataƙila don ya saba sauraren keken ɗinki tun safe har dare.

Ido ma yana da nasa karatun. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi yana nufin injin na cin baƙin mai, zobbansa sun gaji. Baƙin hayaƙi alama ce ta mai ya yi yawa, iska ta yi kaɗan. Fari mai kauri wanda ba ya ɗaukewa bayan injin ya yi zafi kuwa, ruwa ne ya sami hanyar shiga inda bai kamata ba, mai motar yana gab da kashe kuɗi ko bai sani ba. Launin rubutun lamba yana gaya maka ko ta gida ce, ko ta haya, ko ta gwamnati: shuɗi, ja, kore. Idan mota ta wuce tana tafiya a karkace kamar kaguwa, to ta taɓa yin mummunan karo, an miƙe ta ne da guduma. A jikin wasu bas-bas har yanzu akwai rubutun Jamusanci ko na mutanen Holan, sunan wani mai gyaran famfo da lambar wayarsa, wanda bai san cewa tsohuwar motarsa tana nan tana jigilar 'yan kasuwa zuwa Iwo Road ba. Yarabawa suna kiran irin waɗannan motoci tokunbo, wato abin da ya ƙetaro teku, sunan da suke raɗa wa ɗan da aka haifa a ƙasar waje. Mu kuma mukan ce 'yar Kwatano ko 'yar Beljiyam.

Sunaye ma wani abin sha'awa ne, domin mutanenmu ba sa barin mota da sunan da ta zo da shi. Peugeot ta zama Fijo, Mercedes ta zama Marsandi. Volkswagen mai ƙusumbi, wadda injinta yake baya kuma iska ce take sanyaya shi, Yarabawa suka ce ijapa, mu muka ce kunkuru, ma'anar duk ɗaya. Akwai akori-kura, akwai Honda Hala, akwai Henesi. Tsohuwar motar katako ta ƙasar Yarabawa kuwa bolekaja ake ce mata, wato sauko mu yi faɗa, saboda cikinta ya yi matsi da yawa, ba wurin ba hammata iska. Duk sunan da ka ji akwai zamanin da ya haife shi, kuma da sunan ya ɓace daga bakin mutane, ka tabbata motar ta riga shi ɓacewa daga kan titi.

Wannan karatu duka ba mu tsince shi a ƙasa ba. Malaminmu shi ne Kawu, ƙanin mahaifiyar ɗayanmu, wanda mu duka muka mayar kawunmu. Direba ne na hanyar Arewa. Ya fara da yaron mota a bayan wata roka, kuma yakan ba mu labarin ranar 2 ga Afrilu, 1972, ranar da Nijeriya ta bar tuƙi a hannun hagu ta koma hannun dama. Ya ce wuni ya yi yana leƙowa daga saman kaya yana yi wa maigidansa ihu, "Dama, maigida, dama!" har muryarsa ta dushe. Daga baya ya sami lasin, ya yi wa mutane tuƙi, ya yi ta tari da adashi, har a shekarar 1984 ya sayi tasa ta kansa, Fijo 504 doguwa mai kujera layi uku, fara sol, da zakinta a goshi.

Kawu ba ya cewa motar Faransa ce. Abin da yake cewa shi ne, "'Yar Kaduna ce, a Kakuri aka haife ta." Yana da gaskiyarsa. An fara fito da 504 a Faransa a 1968, ta ci kyautar motar shekara ta Turai a 1969, ta kuma lashe tseren Safari na Gabashin Afirka a 1975. A wannan shekarar ta 1975 ne masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara harhaɗa motoci, har akwai lokacin da ta jirgin sama ake kwaso sassan daga Faransa zuwa Kano, a ɗora a manyan motoci zuwa Kaduna. Bayan rasuwar Janar Murtala Muhammed a 1976, gwamnatin Janar Obasanjo ta ɗauki tsarin rage almubazzaranci, ta mai da 504 motar manyan ma'aikata. Saboda haka gwamna da ɗan tasha suka zama iri ɗaya suke hawa, bambancin sai a fenti da tuta. Faransa ta daina ƙera ta a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da fito da ita fiye da shekara ashirin bayan haka.

Ba Kaduna ce kaɗai ba a wancan zamani. Legas tana harhaɗa Volkswagen, Inugu tana yin manyan motocin Mercedes, Bauci tana da Steyr, Kano tana da na Fiat, nan Ibadan kuma muna da Leyland. Muna yara mun ɗauka haka duniya take, kowace ƙasa tana hawan abin da hannun 'ya'yanta ya ɗaure. Sai shekarar 1986 ta zo da shirin gyaran tattalin arziki na gwamnatin Janar Babangida, darajar naira ta faɗi, sassan da ake shigowa da su suka yi tsada, sabuwar mota ta fi ƙarfin malamin makaranta da akawu. Daga nan tsofaffin motocin Turai suka fara kwararowa ta Apapa da Kwatano, masana'antun kuma suka yi ta ja da baya. Mu ba a littafi muka karanta wannan ba, a kan benci muka gan shi. Da can idan muka ce za mu ƙirga Fijo a Mokola, kafin shayi ya huce lissafi ya ɓace mana. Yanzu sai Asabar biyu ta wuce ba mu ga ko ɗaya ba, ranar da ta gifta kuwa har miƙewa muke yi.

Sau ɗaya muka taɓa yin doguwar tafiya a motar Kawu, a shekarar 1996, lokacin da aka tafi ɗaurin aure Kano aka cusa mu huɗu a layin baya. Muka bi Oyo, Ogbomosho, Ilori, muka haye gadar Jebba da almuru, Kwara tana sheƙi a ƙarƙashinmu. Bayan mun wuce Mokwa, cikin daji, sai injin ya yi tari sau biyu ya mutu. Mata suka fara salati. Kawu bai ce uffan ba. Ya buɗe bonet, ya cire tiyo ya tsotsa, ya tofar, ya ce famfon mai ne ya gaji. Ya ɗauko galan, ya zuƙo fetur daga tanki, ya ɗaure galan ɗin a saman kariya, ya jawo tiyo ta gefen gilashi har bakin kafireto. Mai ya gangaro da kansa tun da daga sama yake. Ya murza makulli, zaki ya yi gurnani. Haka muka ratsa Tegina da Birnin Gwari har Kaduna, ɗayanmu ya miƙa hannu ta taga yana riƙe da tiyo. A nan ne ya gaya mana maganar da ba mu manta ba: "Ku yaran nan, motar kirki ita ce wadda in ta yi ciwo za ta gaya maka inda ke mata ciwo." Motocin yanzu famfonsu yana cikin tanki, mai yana shiga da matsi, ƙwaƙwalwar lantarki ce take raba shi, sai an jona kwamfuta kafin a san damuwarsu. Sun fi sauri, sun fi tsimin mai, sun fi kare rai idan an yi karo, wannan ba ma musu. Amma galan da tiyo ba za su fisshe ka a dajin Mokwa ba.

A shekarar 2011 idon Kawu ya fara yin hazo, ya ajiye tuƙi. Ya kafe motar a ƙofar gida ƙarƙashin wata bishiya, ya ce hutawa take yi. Da farko kullum da safe sai ya tayar da ita ta yi minti goma, ranar Juma'a ya wanke ta. Da batir ya mutu sai wankin kawai ya rage. Da ƙafa ta ƙi, sai ya koma zama a kan tabarma yana jingina da tayarta. Mu kuwa duk Asabar, kafin mu gangara Mokola, sai mun biya mun gaishe shi, mu zagaya motar, mu shafa zakin, mu leƙa ta gilashi mu ga sitiyarin da tafin hannunsa ya cinye. Mutane sun zo saye ba sau ɗaya ba, ya kore su. Mu ne muke zuga shi, muna cewa, "Kawu, kada ka yarda, irin wannan ba a sayarwa." Muna jin kanmu masu kishin tarihi.

Allah ya yi masa rasuwa a ƙarshen shekarar 2023. Bayan Inna ta fita takaba aka zauna rabon gado, ba a kuwa sami wani abin kirki ba sai ɗakuna biyu da wannan mota. 'Yan gwangwan suka zo suka zagaya ta, suka buga jikinta da ƙafa, suka yi mata kuɗi a kan nauyin ƙarfe kamar ana cinikin tsohuwar tukunya. Da labari ya iske mu, muka tashi mu huɗu muka tafi gidan a fusace, babbanmu yana gaba. Muka durƙusa muka gaishe ta, sa'an nan muka fara zuba: ai wannan amanar Kawu ce, ai tarihi ce, ai ko a Turai irinta gidan ajiye kayan tarihi ake kai ta.

Inna ta bar mu har muka gaji. Tana tsintar shinkafa a faranti, ba ta ko ɗago kai ba. Can ta ce, "Kun gama, 'ya'yan nan? To ku saurara. Shekara goma sha biyu ina share ƙarƙashin motar nan. Ɓeraye a cikinta suke haihuwa su shigo mini ɗaki. Wurin da ta tare, tun yaushe na so in kafa injin markaɗe in riƙa samun na cefane, kawunku ya hana, ku kuna taya shi. Ranar da aka rubuta masa aikin ido, kuɗin motar nan a lokacin da ya isa, ya ce ba zai sayar ba, domin yaransa sun ce ba a sayar da irinta. Ku kukan zo ranar Asabar ku shafa ta ku tafi shan shayi. Ni ce nake kwana da ita. Ga ƙanwarku an sa ranar aurenta, ko gado ban saya ba. In kuna sonta, ga ta nan, ku biya abin da magada za su raba, ku ɗauke ta yau."

Babu wanda ya iya ɗaga ido a cikinmu. Maganar aikin idon nan ba mu taɓa jin ta ba sai ranar, ta kuwa zauna mana a ƙirji kamar dutse. Muka fito muka tsaya a gindin bishiyar muka yi lissafi. Taya huɗu, batir, takardun da suka mutu tun tuni, aikin mai walda, fenti, ga fetur da kuɗinsa ya ninka wajen sau uku tun da aka janye tallafi a watan Mayun 2023. Ko mun haɗa albashi da ribar awo da kuɗin ɗinki, ba za mu iya riƙe ta wata uku ba, kuma babu mai filin ajiye ta a cikinmu. Ashe son da muke yi mata so ne na ɗan kallo, wanda ba a biyan ko kwabo a kansa, wasu ne suke biya a madadinmu ba mu sani ba.

Ƙaraminmu ne ya ce, kafin a sa mata guduma, a kira Baba ya gan ta. Baba tsohon bakanike ne Bayarabe, abokin Kawu, wanda ya yi shekara arba'in ba ya taɓa wata mota sai Fijo, Hausa kuwa a bakinsa kamar a Sabo aka yanke masa cibiya. Ya zo washegari da 'yar jakar sifanunsa, yana dogara sanda. Ya ce, "Yarana, ba a yi wa marar lafiya wanka sai an tabbata ya cika. Ku nemo batir." Muka aro na wani mai tasi. Ya kwance fulogi huɗu ya goge, ya ɗiga baƙin mai a ramukan, ya sa muka juya injin da hannu har ya saki. Ya kankare kwantak da 'yar takarda mai yashi, ya wanke kafireto da fetur. Tankin ya riga ya yi tsatsa, don haka ya ce a ɗora galan a sama a jawo tiyo. Muka dubi juna, babu wanda ya yi magana.

Murzawar farko ta yi ƙugi ta yi shiru. Ta biyu haka. A ta huɗu sai ta yi tari, ta yi atishawa, ta tofar da gidan ɓera ta salansa, sa'an nan ta kama. Kai jama'a! Hayaƙi ya turnuƙe unguwa, kaji suka watse, yara suka sheƙo da gudu, tsofaffi suka fito daga zaure suna cewa, "Wannan ai muryar motar marigayi ce." Inna ta leƙo daga ƙofa, ta tsaya jim, ta ja mayafi ta rufe fuska ta koma ciki. Baba ya ɗauki dogon sukudireba, ya kafa bakinsa a jikin injin, ya manna kunne a ƙotar, ya rufe ido kamar likita. Ya daɗe a haka. Da ya ɗago sai ya zagaya ya sa sandarsa ya caki ƙasan motar, sandar ta wuce zuruf, damunar Ibadan goma sha biyu ta gama da ƙarfen. Ya ce, "Gangar jiki ta mutu. Zuciya tana nan da ranta."

Shi ne kuma ya kawo mafita. Ya ce ya san wani mai Fijo fikof da yake ɗauko doya daga ƙauyukan Oke-Ogun, wajen Saki da Igboho, zuwa Bodija, injinsa ya buga, motar tana zaune wata biyu, iyalinsa suna cikin wani hali. A waɗancan hanyoyi na jar ƙasa har yanzu ana neman irin wannan mota, saboda tsayin ƙafarta da jimirinta, kuma duk bakaniken ƙauye ya san cikinta. Aka yi ciniki a gaban magada. Injin da giya kawai suka yi kuɗin da ya zarce abin da 'yan gwangwan suka taya motar gaba ɗaya, sa'an nan su ma suka sayi gangar jikin a kan nauyi. Ranar da suka zo da guduma da wutar yanka, ba mu tsaya kallo ba, karo na farko ke nan da 'yan kallon mota suka juya wa mota baya. Da yamma Inna ta aiko yaro da wani abu a ƙunshe cikin tsumma. Muka buɗe, sai ga zakin. Muka yi ta gardamar wanda zai ajiye, daga ƙarshe muka kafa shi da ƙusa a jikin teburin mai shayi, inda kowa zai gan shi.

Tun daga lokacin kallonmu ya ɗan sauya. Har yanzu muna rufe ido mu yi cacar shayi, har yanzu muna musu a kan hayaƙi da salansa. Amma idan muka bi ta wani lungu muka ga tsohuwar Marsandi ko kunkuru an kafe ta a kan duwatsu, ciyawa ta fito ta ƙarƙashinta, ba ma saurin cewa mai gidan ya san darajar abu. Mukan tambayi juna, wa yake share ƙarƙashinta? Micra ɗin nan kuma da muke yi wa dariya, mun fara ganin ta da mutunci, domin duk hawan da ta yi da buhu a baya, akwai tukunyar da za a ɗora da daddare saboda shi. A ƙofar gidan Kawu yanzu injin markaɗe ne yake kuka tun asuba, mata suna layi da robobin tattasai, ƙanwarmu kuma tana ɗakinta.

Bayan kamar wata biyar, wata Talata da hantsi, mai awon cikinmu ya kira mu a waya yana haki, ya ce mu bar duk abin da muke yi mu zo Bodija. Muka hau babur ɗin nan namu da wani na haya muka isa. Ya nuna mana wata fikof a layin 'yan doya, jikinta ya sha faci kala uku, ƙofarta da waya aka ɗaure, an yi mata lodi har ta durƙusa. Direban wani saurayi ne da bai kai shekarun injin ba. Muka roƙe shi ya tayar, ya dube mu kamar mahaukata, ya tayar. Muka jeru mu huɗu a tsakiyar kasuwa muka rufe ido. Injin Kawu yana da wani ɗan fito siriri da yake yi idan an ɗaga ƙafa daga totur. Tela ya ce ya ji shi, ya rantse. Malamin makaranta ya ce duk tsohuwar Fijo haka take yi. Muka kaure da musu, masu ɗaukar kaya suna ture mu, har saurayin ya gaji ya kashe motar, ya ce da mu cikin Hausarsa ta kasuwa, "Alhaji, doya za ku saya ko kuwa?"

Muka haɗa kuɗi muka sayi ƙwarya guda ta manya, muka ɗaure a bayan babur, muka kai wa Inna. Ta tambaye mu daga ina, muka ce daga Saki, a motar Kawu aka kawo ta. Ta juya ɗaya a hannu, ta ce doyar ta yi kyau, mu dawo da daddare mu ci sakwara.